Malamin Kwantaragi Da Tayin Riƙon Mangaza: In Tafi Ko In Zauna?

Wani malami daga gundumar Mirya ya aiko da wannan wasiƙa:

«Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin lissafi ne a wani koleji na karkara, shekaruna 35, ina da mata da ƴaƴa uku, kuma mahaifiyata tana hannuna. Bayan na gama jami'a na yi hidimar ƙasa, yanzu kuma shekara 8 ke nan ina kwantaragi, ana ba ni jika 100 a wata, su ma ba kullum suke zuwa a kan lokaci ba. Wani Alhaji mai fataucin siminti da kayan masarufi tsakanin Kano da Damagaram ya aiko mini ta bakin abokina cewa in zo in riƙe masa mangaza da lissafin kaya a kan jika 220 a wata, kuma yana so in fara a farkon watan Maris. Maiɗakina ta ce in karɓa. Kawuna kuwa, wanda shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, ya ce kada in saki reshe in kama ganye, tunda ana ta maganar za a ɗauki ƴan kwantaragi aiki na dindindin. Ga kuma ɗalibaina masu jarrabawar birebe ta kammala koleji a bana, ni kaɗai ne malamin lissafi a makarantar. Ina son koyarwa, amma na gaji da cin bashin hatsi kafin ƙarshen wata. Me zan yi?»

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Tun da farko zan faɗa maka inda ra'ayina ya karkata, domin kada in bar ka kana laluben amsa a cikin dogon bayani. Ina ganin ya dace ka karɓi wannan aiki, amma ba a farkon watan Maris ba, kuma ba a kan maganar baki da aka aiko ta hannun aboki ba. Idan Alhajin ya yarda aka rubuta yarjejeniya, ya kuma yi maka haƙuri har ɗalibanka su zauna jarrabawa, to ka tafi da zuciya ɗaya, idan kuwa ya ƙi takarda, ka zauna a ajinka ka nemi wata hanya.

Nauyin da na fi ji a wasiƙarka shi ne tsoron kada barin koyarwa ya zama cin amana, kuma ina so ka sauke shi daga zuciyarka. Ciyar da matarka da ƴaƴanka da mahaifiyarka wajibi ne da ya hau kanka kai kaɗai, babu wanda zai ɗauke maka shi, alhali karantar da yaran ƙauyen da kake aiki nauyi ne na al'umma baki ɗaya, hukuma ce kuma ya kamata ta kasance a kan gaba wajen ɗaukarsa. Mun daɗe muna jin ana gaya wa malaman lakkol cewa ladansu yana wurin Allah, kuma gaskiya ne akwai lada mai yawa a koyarwa, sai dai na lura galibin masu yawan faɗin haka mutane ne da albashinsu ke shiga banki kafin wata ya ƙare. Tsarin da kake ciki ma ba a gina shi domin mutum ya tsufa a cikinsa ba. A 1998 aka fara ɗaukar malamai masu aikin sa kai, daga 2003 kuma, lokacin da aka ƙaddamar da shirin shekara goma na bunƙasa ilimi, aka raja'a a kan ƴan kwantaragi domin a buɗe azuzuwa da yawa da kuɗi kaɗan. An buɗe azuzuwan, har ƴan kwantaragi suka fi malamai masu lambar aiki yawa a firamare, amma rarar da aka samu daga aljihun irinku ta fito. Jihar Damagaram ita ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙidayar 2012, da mutum fiye da miliyan 3 da rabi, galibinsu yara, saboda haka ƙarancin malamai a nan ba abu ne da zaman mutum ɗaya cikin bashi zai magance ba.

Maganar kawunka kuwa kada ka ɗauke ta maganar tsohon da ke tsoron sauyi. Abin da yake hango maka shi ne lambar aiki, wadda ke zuwa da albashi mai hawa mataki bayan mataki, da alawus, da fanshon da asusun CARENI ke biyan ma'aikatan gwamnati idan sun ajiye aiki. Wannan reshe ne na gaske, amma sai ka tambayi kanka ko a yau yana hannunka. Abin da ke hannunka kwantaragi ne, wanda ba ya tara maka fanshon ma'aikacin gwamnati, wanda kuma ake iya sokewa, kamar yadda aka gani bayan jarrabawar tantance malamai ta 2017, lokacin da dubban ƴan kwantaragi suka wayi gari ba su da aiki. "Ana ta magana" ba labari ne da magidanci zai jingina rayuwar gidansa a kansa ba, kuma na tabbata tun shekararka ta farko kake jin wannan maganar. Saboda haka kafin ka ba Alhaji amsa, ka ware yini guda ka shigo gari, ka ga wakilin sandikarku, wato ƙungiyar malamai, da ma'aikatan ofishin ilimin sakandare na jiha, ka yi musu tambayoyin da amsarsu ke da adadi. Ka tambaya a wace shekara waɗanda aka ɗauka a zagayen ƙarshe suka fara kwantaragi, mutum nawa aka ɗauka daga wannan jiha, ko an fitar da sanarwa a rubuce ta karɓar takardu, da kuma yadda iyakar shekarun haihuwa ta shiga aikin gwamnati ta shafi mai shekara 35. Kai malamin lissafi ne, idan ka samu waɗannan amsoshi za ka iya ƙiyasta da kanka ko jiran na shekara ɗaya ne ko na shekara biyar.

Akwai yanayi ɗaya da zai sa in sauya shawarata gaba ɗaya. Idan ka tarar an riga an karɓi takardun ƴan shekararku, ko sunanka yana cikin jerin da aka liƙa, to ka jira lambar, ko da za ka rasa tayin Alhaji. Dalilina shi ne, mai lambar aiki yana da wata ƙofa da ɗan kwantaragi ba shi da ita, domin dokar aikin gwamnati ta tanadi hanyar da ma'aikaci zai nemi a dakatar masa da aiki na wani wa'adi ba tare da albashi ba, ya je ya yi wani abu, sannan ya nemi komawa. A tsawon wannan lokaci ba ya hawa mataki, kuma ba a ƙirga masa shi a fansho, sannan sai hukuma ta amince, amma lambarsa tana nan. Malamai masu lamba da ke karanta wannan shafi suna tunanin murabus, ina roƙonsu su fara bincika wannan hanya kafin su sa hannu a takardar da ba ta da gyara.

Tayin Alhaji kuma, a halin da yake yanzu, bai kai ko kwantaraginka ƙarfi ba, domin kwantaraginka aƙalla a rubuce yake. Abin da ka samu zuwa yanzu saƙo ne ta bakin aboki, kuma abokin, duk da kyakkyawar niyyarsa, ba shi ne zai biya ka a ƙarshen wata ba. Ka je ka zauna da Alhajin da kanka, ka ji adadin daga bakinsa, sannan ka nemi a sa shi a takarda. Takardar ta faɗi ranar biya, ta kuma fayyace ko jika 220 ɗin su ne za su shiga hannunka ko kuwa daga cikinsu za a cire harajin albashi da kason asusun CNSS na inshorar ma'aikata, domin bambancin ba ƙarami ba ne. Ta faɗi ko aikin mai wa'adi ne ko marar wa'adi, tunda dokar ƙwadago ta 2012 ta bambanta su kuma kowanne da hukuncinsa wajen sallama, ta ambaci tsawon lokacin gwaji, da ranar hutu, da irin sanarwar da ɗayanku zai ba ɗaya kafin a rabu. Akwai ofishin sufeton ƙwadago a nan Damagaram, kuma babu abin da zai hana ka kai musu takardar su duba maka kafin ka sa hannu. Rajistar CNSS wajibi ce a kan duk wanda ya ɗauki ma'aikaci, ita ce ke ba da fanshon ma'aikatan kamfanoni da alawus na iyali da diyyar haɗarin wurin aiki, kuma wanda zai wuni tsakanin buhunan siminti da manyan motoci bai kamata ya raina zancen haɗari ba. Ƴan kasuwa da yawa sun fi son su ƙara maka ɗan wani abu a hannu a bar maganar rajista, kuma ina ba ka shawara kada ka yarda da wannan musaya. Ka duba kuma ko kana da lambar CNSS tun daga kwantaragi, domin idan akwai, a kanta za a ci gaba da zuba maka.

Na san kunya za ta tare ka a nan, domin a al'adarmu neman takarda daga dattijon da ya kira ka don ya taimake ka yana kama da cewa ba ka yarda da shi ba. Akwai hanyar faɗin maganar da ba za ta sosa masa rai ba. Ka ce masa kana da kawu da ya riƙe ka, wanda ba zai sa maka albarka ka ajiye aikin hukuma ba sai ya ga abin da za ka koma kansa a rubuce, kuma wannan gaskiya ce ba dabara ba. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, ga mutanen da sun fi mu amana nesa ba kusa ba, saboda haka Alhajin da ya san addini ba zai ga laifinka ba. Ɗan kasuwar da ke neman mai ilimi domin ya tsara masa lissafi, sannan ya ji haushi don mai ilimin ya fara da tsara nasa lissafin, ya riga ya nuna maka yadda zamanku zai kasance.

Abin da ya fi damuna game da wannan aiki shi ne mangazar kanta, kuma ba ka ambace shi a wasiƙarka ba, wataƙila don ba ka taɓa riƙe dukiyar wani ba. A aji, idan yaro ya faɗi jarrabawa, babu wanda zai ce ka biya. A mangaza kuwa, duk buhun da ya ɓace a wuyanka yake, kuma kaya suna ɓacewa ta hanyoyin da ba sata ba ce tsantsa. Ɗan Alhaji zai zo ya ɗauki buhun shinkafa ya ce Baba ne ya aiko shi, surukinsa zai karɓi siminti a kan zai kawo kuɗi gobe, direba zai iso da dare da kaya da ba su cika ba ya ce haka aka loda masa, ruwa zai shiga ya daskarar da wasu buhuna, shi kansa Alhajin zai kira ka a waya ya ce ka ba wane kaza, bayan wata uku kuma ya manta ya faɗa. Ranar da aka zo ƙirge aka ga giɓi, dukkan waɗannan mutane dangi ne ko tsofaffin yaran gida, kai kaɗai ne bare, kuma kai ne mai makulli. Mutanen kirki da yawa sun bar irin wannan aiki da sunan ɓarayi, wasu har gaban ƴan sanda, ba don sun ci ko dala ba, sai don sun ji nauyin cewa a sa hannu. Saboda haka kada ka karɓi makulli sai an ƙirga kayan da ke ciki gaba ɗaya a gabanka da gaban wakilin Alhaji, an rubuta, kun sa hannu ku biyu. Ka kafa ƙa'ida tun ranar farko, da yardar Alhaji kuma daga bakinsa a gaban yaransa, cewa babu abin da zai fita sai da takarda, duk umarnin da ya zo ta waya kuma a biyo shi da saƙon rubutu. Ka san mutum nawa ne ke da makulli banda kai, ka kuma nemi a riƙa yin ƙirge kowane wata, domin giɓin wata ɗaya ana iya gano inda ya fito, na shekara kuwa sai dai rantsuwa.

Ka bincika kuma wa ya riƙe mangazar kafin kai, da dalilin tafiyarsa. Wannan labari ba a wurin Alhaji ko abokinka za ka same shi ba, a wurin direbobi da masu sauke kaya da maƙwabtan mangazar yake, kuma zaman shayi na yamma ɗaya ya isa ka ji ko albashi yana fita a kan lokaci a gidan. Idan ka ji mutum uku sun riƙe wurin a cikin shekara biyu kuma kowanne da rigima ya fita, ba ka buƙatar shawarar kowa.

Ko da Alhajin mutumin kirki ne, kasuwancinsa ya dogara da abubuwan da ba su hannunsa. Mun gani da idonmu a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, yadda aka rufe iyaka da Najeriya har zuwa farkon 2024, motoci suka tsaya, kaya suka yi tsada, masu fatauci ta hanyar Magarya da Matamai suka rage yara. Hawa da saukar naira a gaban sefa ma kan mayar da ribar ɗan kasuwa asara a cikin mako guda. Hatta ayyukan ƙungiyoyin agaji, waɗanda malamai da yawa ke hange a matsayin mafita, mun ga yadda wasu suka tsaya cak a farkon 2025 lokacin da Amurka ta dakatar da tallafin USAID. Ban kawo wannan don in tsorata ka ba, sai don ka san cewa albashi mai tsoka a wajen aikin hukuma yakan zo ne da sharaɗin cewa yana iya yankewa, kuma mai hankali yana karɓarsa ne da shirin ranar yankewar.

A takarda, bambancin albashin biyu jika 120 ne a wata, wato miliyan 1 da jika 440 a shekara, idan an biya watanni goma sha biyu cur a kowane ɓangare. Amma ba dukkansu ne za su zama riba ba. Malami yana da dogon hutu daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, daidai lokacin damina, kuma idan kana noma, geron da kake samu a wannan hutu wani albashi ne da ba a rubuta ba, wanda a sabon aikin sai dai ka biya ƴan ƙwadago su yi maka ko ka haƙura da gonar. Idan kana koyar da wasu yara a gida ana ba ka wani abu, shi ma zai tafi. A gari kuma akwai kuɗin haya da na wuta da na kabu-kabu, ga ruwa, wanda duk mazaunin Damagaram ya san yadda yake zama a lokacin bazara, lokacin da famfo ke ɗaukewa sai an saya a hannun ƴan garuwa. Ka zauna da maiɗakinka ku rubuta waɗannan duka da farashinsu na yau, ku cire daga jika 120 ɗin. Ina kyautata zaton za a samu saura mai kauri, shi ya sa na ce ka karɓa, amma gara ka san ainihin adadin da ka dogara da wanda ya fi daɗin ji. Ina kuma ganin kada ka kwaso iyali zuwa gari sai ka wuce lokacin gwaji, ka ga albashi ya fita sau uku ko huɗu ba tare da ka roƙa ba.

Shekarar farko ita ce za ta nuna ko wannan sauyi ya amfane ka. Ka ci gaba da rayuwa kusa da yadda kuka saba, ka fara biyan bashin hatsin da ke kanka, sannan ka tara abin da zai riƙe gidanka wata shida idan aikin ya tsaya, ka kuma sayi hatsin shekara da kaka lokacin da yake da sauƙi. Maiɗakinka ta san gaskiyar abin da kake samu, tunda ita ta sha wahalar jika 100 tare da kai, amma babu dalilin da zai sa dangi duka su san adadin, domin da zarar an ji malam ya koma wurin Alhaji, buƙatu za su taso daga inda ba ka zata ba. Sabon babur na bashi da sauran abubuwan da ke zuwa wa namiji a rai idan aljihu ya yi nauyi, duk su jira shekara ta biyu.

Game da ɗalibanka, a nan ne kawai nake ganin akwai haƙƙi na gaske a kanka. Barin koyarwa halal ne, amma barin ajin jarrabawa a watan Maris, a makarantar da babu wani malamin lissafi, zai cutar da yaran da ba su da hannu a cikin ƙarancin albashinka, kuma kai ma ka san da wuya a turo wani kafin shekara ta ƙare. Yaron karkara da ya faɗi birebe ba kullum yake samun damar maimaitawa ba, yarinya kuwa sau da yawa daga nan sai aure. Tsakanin Maris da jarrabawa wata uku ne zuwa huɗu, kuma ana iya cike su ba tare da ka rasa tayin ba. Mirya ba ta da nisa da gari, saboda haka ka ba Alhaji shawarar ka riƙa zuwa ranakun da babu aji da lokacin hutun tsakiyar shekara, ka yi ƙirgen kaya, ka buɗe masa littattafan shiga da fita, ka koyi aikin, a kan wani abu da za ku daidaita, sannan ka kama aiki gadan-gadan bayan jarrabawa. Wannan tsari zai ba ka damar ganin cikin gidan kafin ka ajiye alli, shi ma ya ga aikinka kafin ya damƙa maka dukiyarsa. Ka gaya masa dalilinka a fili, domin mutumin da ya ƙi yasar da yaran mutane a tsakiyar hanya shi ne irin wanda ake so a ba makulli, kuma ɗan kasuwa mai hangen nesa zai gane haka.

Idan lokacin tafiya ya yi, ka fita ta ƙofa. Ka sanar da daraktan makarantarku da wuri domin ya nemi madadinka kafin komawar Oktoba, ka rubuta takardar ajiye aiki ta bi hanyar da ta dace, ka karɓi shaidar shekarun da ka yi, ka kuma bi sawun duk wani ariya, wato kuɗin baya, da kake bi kafin sunanka ya fita daga jeri. Kada ka yi abin da wasu ke yi, su ɓace ba sallama a bar sunansu yana karɓar kuɗi, domin wannan haram ne, kuma yana rufe maka hanyar komawa. Ka ce kana son koyarwa, kuma na yarda da kai, tunda a duk wasiƙarka ba ka yi kuka da yara ko allo ba, da bashi kawai ka yi kuka. Malamin lissafi ba ya rasa aji a wannan gari, ga makarantu masu zaman kansu, ga iyayen da ke neman mai koya wa ƴaƴansu da yamma, saboda haka idan ka zauna da ƙafafunka a sabon aikin kana iya riƙe awa biyu ko uku a mako domin kada hannunka ya manta.

Kawunka kuma kada ya ji labarin a bakin wani. Ka je masa da kanka bayan ka gama bincike, ka nuna masa abin da ka samo game da ɗaukar aiki, ka nuna masa takardar Alhaji da lissafin da kuka yi da maiɗakinka, ka saurari abin da zai ce har ya gama, sannan ka nemi albarkarsa da ta mahaifiyarka. Dattijo yakan sauko idan ya ga an girmama tsoronsa an kuma amsa shi da hujja. Ka yi istihara bayan ka tattara waɗannan bayanai, domin ana yin ta ne tare da shawara da bincike.

Idan kuwa Alhaji ya ƙi takarda, ko ya ce lalle sai Maris ko a fasa, ka yi masa godiya cikin ladabi ka ƙarasa shekararka, amma kada ka koma zaman jira kamar da. Wannan tayi ya nuna maka cewa iliminka yana da kasuwa a wajen aji. Ka yi amfani da dogon hutun bana ka ƙware a manhajar kwamfuta ta Excel da lissafin kasuwanci, ka yi rajista a ofishin ANPE na Damagaram, wato hukumar samar da aikin yi, domin ka samu katin mai neman aiki, ka kuma sanar da tsofaffin abokan karatunka cewa kana nema. Tun da matatar man SORAZ ta fara aiki a 2011 harkar sufuri da dillancin kaya ta ƙaru a wannan jiha, kuma irin waɗannan kamfanoni, da manyan shaguna da asusun ajiya da lamuni, suna buƙatar mai riƙe lissafi, wasunsu kuma da takarda da rajista suke ɗauka tun ranar farko. Ka rubuto mini bayan ka ga Alhajin da wakilin sandika, ka faɗa mini abin da kowannensu ya ce, sai mu duba takardar tare kafin ka sa hannu.